Na Roƙi Gafara Sau da Yawa, Amma Zuciyata Ta Ƙi Kwanciya

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Baba, ina roƙo a sakaya sunana da na garinmu. Ni matar aure ce mai 'ya'ya 4, mijina dattijo ne a ikkilisiyarmu, ni kuma na daɗe ina riƙe da muƙamin ma'aji a zumuntar mata. Shekara 2 da suka wuce ɗana na biyu ya kwanta, likita ya ce sai an yi masa aiki cikin gaggawa, kuma sai an biya kafin a taɓa shi. A daren nan na ɗebi naira 150,000 daga kuɗin da mata suka tara don ɗinkin anko da tafiya taron shekara, da niyyar in mayar idan na sayar da masarata bayan kaka. Na ce wa mijina yayana ne ya ranta mini. Masarar ba ta yi kyau ba, lokacin lissafi ya zo, aka ga giɓi. Da aka tambaye ni, sai na ce iyakar abin da aka miƙo mini ke nan, zargi kuwa ya koma kan wata gwauruwa wadda take zagayawa karɓar kuɗin wata-wata. Ta yi kuka, ta rantse, ba wanda ya yarda da ita, ni kuma na yi shiru. Yanzu ta daina zuwa zumunta, ranar Lahadi ma can baya take zama, ta fita kafin a tashi. Na riga na zuba naira 60,000 cikin baiko a ɓoye, kaɗan-kaɗan. Na yi azumi, na yi kuka, kullum ina roƙon Allah ya gafarta mini zunubaina, waɗanda na sani da waɗanda ban sani ba, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Na daina cin Jibin Ubangiji, ina fakewa da kula da yara. Kwanan nan yaron ya sake kwanciya, na ce ko hukuncin Allah ne ya sauko mini. Shin Allah ya gafarta mini? Bai isa in furta masa shi kaɗai ba, in ƙarasa biyan kuɗin a ɓoye? In maganar nan ta fito mijina zai sha kunya, ni kuma za a sa ni horo.

Wata 'yar'uwa cikin damuwa

'Yata cikin Ubangiji, na gode da amanar da kika ba ni, kuma ina yi wa yaron addu'ar samun sauƙi. Duk uwar da ta taɓa tsayawa a bakin ɗakin tiyata da dare, ana jiran kuɗi kafin a taɓa mata ɗa, ta san irin halin da kika shiga, kuma ba zan yi miki magana kamar wanda bai san wannan ba. Kin ɗauki kuɗin ne cikin firgita, ba don ki sayi gwal ko ki yi biki ba, Allah kuwa ya ga wannan daren dukansa. Duk da haka ba tausayi kaɗai kika zo nema wurina ba, tambaya kika yi, kuma zan amsa miki ita yadda na fahimci Littafi Mai Tsarki, ko da wani ɓangare na amsar zai yi miki ɗaci.

Da na karanta wasiƙarki, na lura cewa kuɗin ne ya cika miki ido. Kin faɗi adadin da kika ɗauka, kin faɗi adadin da kika mayar, tambayarki ta ƙarshe ma a kan ƙarasa biya take. Amma laifi biyu ne a cikin labarin nan, kuma na biyun ya fi na farkon nauyi. Na farko ya faru a dare ɗaya ya wuce, ya bar bashi. Na biyun kuwa ya fara ne ranar da kika ce iyakar abin da aka miƙo miki ke nan, kuma bai tsaya ba har yau, domin kowace Lahadi da wannan baiwar Allah ta zauna a bencin baya tana sunkuyar da kai, ƙaryar tana ci gaba da aiki da izininki. Shari'ar Musa ta san waɗannan abubuwa biyu, ta kuma ambace su kusa da juna. A Littafin Firistoci sura 6 an yi maganar wanda ya ci amanar abin da aka ba shi ajiya sa'an nan ya yi ƙarya a kai, kuma abin lura shi ne an kira wannan rashin aminci ga Ubangiji kansa, ko da yake maƙwabci aka cuta. A farkon sura 5 kuma an ce wanda ya san gaskiyar magana, aka nemi shaida ya ƙi faɗa, zai ɗauki alhakin shirunsa. Ina ganin abin da yake hana ki barci ke nan. Rashin kwanciyar zuciyarki ba alama ba ce ta cewa Allah ya juya miki baya, domin wanda Allah ya rabu da shi ba ya damuwa da hawayen gwauruwa. Lamirinki ne yake da rai, Ruhu Mai Tsarki kuma yana nuna miki wurin da har yanzu ba ki bari addu'arki ta taɓa ba.

Ki dubi yadda kike addu'ar. Kin ce kina roƙon gafarar zunuban da kika sani da waɗanda ba ki sani ba. Wannan addu'a ce mai kyau, muna yinta tare a majami'a, kuma tana da wurinta. Sai dai mutum yana iya shiga cikinta ya ɓuya, saboda faɗinta ya isa ya rufe komai ba tare da an kira sunan komai ba. Sarki Dawuda ya san wannan hali. Bayan ya ɗauki Bat-sheba, ya kuma shirya aka kashe mijinta Uriya a bakin daga, ya yi shiru watanni, har aka haifi ɗan kafin annabi Natan ya zo masa. A Zabura 32 an kwatanta irin wannan shiru: ƙasusuwa suna lalacewa, nishi dukan yini, hannun Allah yana da nauyi dare da rana, ƙarfi yana ƙafewa kamar a tsakiyar bazara. Na tabbata kin gane kanki a cikin waɗannan kalmomi. Abin da ya kawo ƙarshen wannan azaba yana aya ta 5, inda ya ce ya bayyana zunubinsa, bai ƙara rufe laifinsa ba, Ubangiji kuwa ya gafarta masa. A Zabura 51 ma, wadda aka danganta da zuwan Natan, bai tsaya ga maganar zunubi a dunƙule ba, a aya ta 14 ya roƙi a cece shi daga alhakin jini, wato ya kira abin da ainihin sunansa.

Wataƙila ki ce ai a wannan Zaburar ce Dawuda ya gaya wa Allah cewa shi kaɗai ya yi wa zunubi, ashe ke nan furta wa Allah shi kaɗai ya wadatar. Mutane da yawa suna riƙe wannan aya don su kauce wa fuskantar wanda suka cuta. Dawuda yana nufin cewa kowane zunubi, ko wa aka yi wa, a ƙarshe tawaye ne ga Allah. Amma ki tuna cewa Uriya ya riga ya mutu, babu ƙofar da Dawuda zai je ya ƙwanƙwasa. Wadda kika cuta kuwa tana da rai, kun san gidan juna, kuna raira waƙa ɗaya a ɗaki ɗaya kowane mako. Yesu ya yi magana a kan daidai wannan yanayi a Matiyu 5:23-24: in kana miƙa baikonka a bagade, ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a nan, ka je ku shirya tukuna, sa'an nan ka dawo ka miƙa. Ke kuwa kin juya tsarin, kina ta zuba baiko don ya tsaya a madadin tafiyar.

Yanzu ga tambayarki ta farko, ko Allah ya gafarta miki. Ba ni da ikon leƙa zuciyarki, amma ina da abin da aka rubuta. A 1 Yohanna 1:9 an ce in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, mai adalci kuma, zai gafarta mana zunubanmu, ya tsarkake mu daga dukan rashin adalci. Ki lura da abin da aka jingina alkawarin a kai. An jingina shi a kan amincin Allah da adalcinsa, domin Almasihu ya riga ya ɗauki hukuncin a kan gicciye, ba a kan yawan hawayenki ko tsawon azuminki ba. Ina jin tsoron cewa cikin shekara biyun nan kin mai da azumi, da kuka, da ƙaurace wa Jibin Ubangiji wani irin biyan diyya, kina azabtar da kanki da fatan wata rana za ki ji kin biya isasshe. Wannan ranar ba za ta zo ba, domin gafara ba ta sayarwa ba ce. Mai karɓar harajin nan na Luka sura 18 ya tsaya daga nesa a Haikali, bai ko ɗaga ido sama ba, ya bugi ƙirji ya roƙi Allah ya ji tausayinsa shi mai zunubi, jimla ɗaya tak, Yesu kuwa ya ce shi ne ya koma gida baratacce, wato Allah ya karɓe shi. Ɓataccen ɗan nan na sura 15, da zai koma wurin ubansa, ya shirya jawabinsa tun daga nesa, ƙarshensa shi ne a mai da shi kamar ɗaya daga cikin 'yan ƙodago, amma uban bai bari ya kai wannan gaɓar ba, ya aika a kawo riga da zobe da takalma. Da Dawuda ya ce wa Natan ya yi wa Ubangiji zunubi, a cikin ayar nan ɗaya, 2 Sama'ila 12:13, aka amsa masa cewa Ubangiji ya kawar da zunubinsa.

Saboda haka ƙofar a buɗe take, kuma ba sai kin gama biyan kobo na ƙarshe za a karɓe ki ba. Abu ɗaya ne yake tsaye a hanya. Karin Magana 28:13 ta haɗa abu biyu wuri ɗaya, furtawa da rabuwa da laifin, ta ce mai yin haka shi ne zai sami jinƙai, mai rufe laifinsa kuwa ba zai ci nasara ba. Wanda ya durƙusa yana roƙon gafara alhali ya ƙudura a ransa cewa gobe ma zai bar marar laifi ɗauke da laifinsa, a gaskiya yana roƙon Allah ne ya taya shi rufa asiri. Ranar da kika durƙusa kika faɗi gaskiya dukanta, da shirin tashi ki gyara abin da yake hannunki, a ranar nan gafarar taki ce, tun kafin ki taka ƙofar gidan kowa. Haka aka yi da Zakka a Yariko: Yesu ne ya fara kiransa ya sauko, ya shiga gidansa, sa'an nan Zakka ya miƙe ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa da mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Mayarwar ta biyo bayan alherin ne, ta fito daga cikinsa.

Ina so ki riƙe wannan tsari da kyau saboda wani dalili. Yahuza Iskariyoti ma ya yi nadama, ya mayar da azurfa talatin ɗin, ya kuma faɗa da bakinsa a gaban manyan firistoci cewa ya ba da marar laifi. Ya furta, ya biya, amma bai juyo wurin mai jinƙai ba, baƙin cikinsa ya kai shi ga hallaka kansa. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, ya fita ya yi kuka mai zafi, amma ya zauna cikin 'yan'uwa har Yesu ya same shi a bakin teku ya mai da shi bakin aikinsa. Idan nauyin nan ya taɓa kai ki ga tunanin cutar da kanki, kada ki kwana da wannan tunani ke kaɗai, ki gaya wa wani na kusa da ke a ranar, ki kuma ga likita.

Game da ciwon yaron, kada ki ɗora wa kanki abin da ba a gaya miki ba. Na san za ki tuna cewa ɗan Dawuda ya mutu, amma a can annabi ne ya zo da saƙo takamaimai daga Allah, ke kuwa ba wanda ya kawo miki irin wannan saƙo sai tsoronki. Da almajirai suka tambayi Yesu a Yohanna sura 9 ko zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, nasa ko na iyayensa, ya ce ba ko ɗaya. Ki mai da yaron asibiti, ki gaya wa likita aikin da aka yi masa a baya, ku bi magani yadda aka rubuta. Kada kuma ki yi ciniki da Allah cewa in ya warkar da shi za ki faɗi gaskiya. Gaskiyar hakkin waccan matar ce, ko yaron ya warke yau ko ya ɗauki lokaci.

Ga yadda nake ba ki shawara ki fara. Ki keɓe lokaci, ko da asuba kafin gida ya tashi, ki buɗe Zabura 51 ki karanta da murya a hankali, sa'an nan ki rufe littafin ki yi magana da naki bakin. Ba a bukatar kalmomi masu ado. Kina iya cewa: Ya Uba, na ɗauki kuɗin da aka ba ni amana, na yi wa mijina ƙarya, na sa sunan yayana cikin ƙaryar, na yi wa zumunta ƙarya, na bar 'yar'uwata ta sha kunyar da take tawa ce, na kuma yi ƙoƙarin rufe bakin lamirina da baiko, ba ni da hujja, ka gafarta mini saboda jinin Yesu, ka ba ni ƙarfin zuwa wurinta. Ki kira sunanta a gaban Allah. Kada ki saka ciwon yaro a tsakiyar wannan furci a matsayin uzuri, Allah ya san da shi, kuma kina iya kawo masa wannan kukan dabam. Bayan haka ki karanta 1 Yohanna 1:9 da farkon sura 2, inda aka ce muna da mai tsaya mana a wurin Uba, ki yi godiya ko da zuciyarki ba ta ji wani sauyi nan take ba.

Mutum na farko da ya kamata ya ji daga bakinki shi ne mijinki. Shi ma an yi masa ƙarya, kuma bai dace ya fara jin labarin matarsa a zaman dattawa ba. Ki zaɓi lokacin da yara ba sa kusa, ki faɗi abin a taƙaice daga farko har ƙarshe, ki ba shi damar ya yi fushi ko ya yi shiru na kwanaki. Kunyar da kike ji masa gaskiya ce, amma ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma kunyar dattijon da matarsa ta zo da kanta ta tuba ba ta kai ta wanda aka tono asirin gidansa bayan shekaru ba. Shi ne uban yaron da aka yi wa aikin, bashin nan na gidanku ne ku biyu, kuma wataƙila yana da abin da zai tambayi kansa, wato me ya sa matarsa ta ga ya fi mata sauƙi ta taɓa kuɗin amana da ta gaya masa cewa ba su da shi. Idan kin san shi mai zafin hannu ne, kada ki faɗa masa ke kaɗai, ki nemi fasto da matarsa su zauna tare da ku. Idan kuma ya ce a rufe maganar don kare sunan gida, ki saurare shi cikin ladabi, ku tattauna yadda za a yi da lokacin da za a yi, amma ki sanar da shi cewa wanke sunan matar nan ba abin da za ki iya bari ba ne.

Daga nan sai fasto. Yakubu 5:16 ta ce mu furta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a don mu warke, kuma akwai sauƙin da mutum ba ya samu sai ya ji wani bawan Allah ya gaya masa da baki cewa alkawarin gafara ya shafe shi. Ki tafi da littafin lissafi da duk kuɗin zumunta da yake hannunki, ki miƙa su, ki ajiye muƙamin ma'aji da kanki kafin a nema. Idan kina da dalili mai ƙarfi na shakkar cewa fastonku zai riƙe magana, ki fara da wani fasto babba da yake sama da shi a gundumarku, ko wata dattijuwa mai nutsuwa a zumunta, su raka ki. Mijinki kuma ya kamata ya janye daga duk zaman da dattawa za su yi a kan batunki, don kada a ce an yi sonkai.

Zuwa wurin gwauruwar shi ne mafi wuya, kuma a nan nake so ki fi yin hattara. Ki je gidanta, kada ki aika a kira ta, ki tafi da mutum ɗaya wanda ita ma ta yarda da shi. Ki gaya mata kai tsaye cewa ke kika ɗauki kuɗin, kin san ba ta da laifi tun ranar farko, kin yi shiru saboda tsoro, kuma za ki faɗi haka a gaban waɗanda suka zarge ta. Kada ki karanta mata ayoyin yafe wa juna, wannan ba aikinki ba ne a ranar. Kada ki durƙusa ki ƙi tashi sai ta ce ta yafe, domin wannan tilastawa ce da aka yi wa ado da tawali'u. Shekara 2 ta yi ana nuna ta da baki, ba ta da miji da zai tsaya mata, wataƙila 'ya'yanta sun ji ana kiran uwarsu ɓarauniya a makaranta ko a rijiya, wataƙila ta rasa masu ba ta bashi ko masu sayen kayanta. Tana da hakkin ta yi kuka, ta yi faɗa, ko ta ce ki fita mata daga gida. In ta yi haka, ki fita cikin ladabi, ki ci gaba da sauran abin da kika yi alkawari. Yafewarta tsakaninta da Allah ne, za ta zo a lokacinta, kuma gafarar da Allah ya yi miki ba ta rataye a kan amsarta ba. Ki tambaye ta kuma yadda take so a wanke ta, domin ita ce ta san inda maganar ta kai. Idan an tilasta mata ta biya wani abu daga cikin giɓin, wannan kuɗin ne farkon wanda za ki mayar, kafin na zumunta.

Ba na ganin wajibi ne ki tsaya gaban dukan taron Lahadi, sai dai in a can aka sanar da zargin. Ma'aunin da nake bi shi ne furcin ya kai iyakar inda cutar ta kai. Matan zumunta ne suka ji an zarge ta, su ne kuma masu kuɗin, saboda haka su ne ya kamata su ji an wanke ta, a zaman da aka saba, da kalmomin da ba su da harshen damo. In kin ga ba za ki iya buɗe baki ba, ki rubuta, shugabar zumunta ta karanta kina tsaye a wurin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne takarda marar suna da za ta ce wance ba ta da laifi, domin za ta ƙara jefa zargi a kan wasu, ko a ce ita ce ta rubuta. Komawa wata ikkilisiya ma ba mafita ba ce. Haka nan jira sai kuɗin ya cika, domin wanke sunanta ba ya bukatar ko sisi, kuma duk watan da kika ƙara ita ce take biyansa.

Batun kuɗin shi ne mafi sauƙi. Naira 60,000 da kika zuba cikin baiko ta shiga asusun ikkilisiya, ba ta koma jakar matan da suka tara don ankonsu ba, saboda haka ki faɗi adadin ga fasto, ki bar shugabanni su yanke ko za a lissafa ta ko a'a, ke dai ki shirya kamar bashin yana nan cif. Ku rubuta yarjejeniya, nawa za ki riƙa biya, a wane lokaci, a hannun wa, da shaida. Shari'ar Musa ta ce a mayar da ainihin abin a ƙara kashi ɗaya bisa biyar a kai. Ba na ɗora miki wannan a matsayin doka, amma hikimar da take ciki a fili take, musamman da yake abin da kuɗin nan zai saya a wancan lokaci ba zai saya yau ba. In kun iya ƙarawa, ku ƙara, in ba ku iya ba, ku faɗi iyakar ƙarfinku da gaskiya, kada ki ci bashi mai ruwa don ki burge kowa.

Shugabannin da wannan magana za ta zo gabansu, da ire-irensu da suke karanta mu, su ma suna da nasu rabon. An hukunta mace marar gata a kan maganar mutum ɗaya ba tare da bincike ba, kuma zumunta tana bukatar ta nemi gafararta a matsayin ƙungiya. An kuma bar kuɗin jama'a a ɗakin mutum ɗaya shekara da shekaru. Manzo Bulus kansa, da yake tattara gudummawa don 'yan'uwa na Urushalima, bai yarda ya riƙe ta shi kaɗai ba, ya sa Titus da waɗansu 'yan'uwa cikin aikin, har da wanda ikkilisiyoyi suka zaɓa, ya kuma bayyana a 2 Korintiyawa sura 8 cewa yana so a yi abin da yake daidai a gaban Ubangiji da gaban mutane. Asusun banki mai sa hannun mutum biyu ko uku, da rasit ga duk mai karɓa da mai miƙawa, da ɗan asusun taimakon gaggawa wanda uwa za ta iya nema da tsakar dare ba tare da jin kunya ba, da sun hana wannan labari faruwa.

Horo kuma, wanda kike tsoro, yana iya zuwa, ba zan ɓoye miki ba. A ikkilisiyoyi da yawa yana nufin a dakatar da mutum daga aiki da Jibin Ubangiji na wani lokaci. Amma ai kin riga kin sa kanki horo shekara 2, horon da ba shi da mai kula da ke, ba shi da ranar ƙarewa. Na ikkilisiya, in an yi shi bisa Littafi, yana da manufa da iyaka: Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya faɗi cikin ruhun tawali'u, a 2 Korintiyawa sura 2 kuma Bulus ya umarci a gafarta wa wanda aka hora, a ta'azantar da shi, don kada baƙin ciki ya sha kansa. Wanda ya kawo kansa kuma ba daidai yake da wanda aka kama ba, dattawa masu hikima sun san wannan.

Bayan an gama duk wannan, akwai ranakun da tsohon nauyin zai dawo, musamman in kika ga ana ƙus-ƙus ko wata ta kau da kai a kasuwa. A irin wannan rana kada ki koma ki sake roƙon gafarar abin da kika riga kika furta kamar ba a ji ki ba. Ki buɗe 1 Yohanna 3:20, inda aka ce in zuciyarmu ta ba mu laifi, Allah ya fi zuciyarmu girma, ki gode masa, ki biya kason watan, ki gai da matar nan in ta ba ki fuska. Batun komawa teburin Ubangiji kuwa, ki kawo shi a zamanki na farko da fasto, ki gaya masa tun yaushe kika daina ci da dalilin da ya sa, sa'an nan ki bar shi da dattawa su sa miki lokaci. In sun sa, ki je ki ci, ko da a ranar ba ki ji kin cancanta ba.